Kundin aiki: tantance fassarar Jamusanci ta ma'aunin FAS ga manya

13 ga Janairu, 2025

Ma'aunin da muka ɗauka shi ne Functionality Appreciation Scale, wanda ake taƙaitawa FAS. Jessica Alleva ta Jami'ar Maastricht da Tracy Tylka da Ashley Kroon Van Diest ne suka fitar da shi da Ingilishi a 2017 a mujallar Body Image, bayan sun gwada shi a kan manya a Amurka. Jimloli 7 ne kacal. Mai amsawa yana zaɓar lamba daga 1, wato ban yarda ba ko kaɗan, zuwa 5, wato na yarda ƙwarai. A tara makin a raba da 7. Babu jimlar da ake juya makinta.

Yawancin tambayoyin da aka saba da su a wannan fage suna bin abin da mutum ya ƙi a jikinsa ne: ƙiba, tumbi, fuska, tsawo. Ko FKB-20, ma'aunin kallon jiki na Clement da Löwe, wanda aka fitar a Jamus tun 1996, rabin jimlolinsa 20 a kan ƙin jiki suke. FAS ya bi wata hanya. Yana tambayar ko mutum na ganin darajar abin da jikinsa ke yi masa: tafiya da ɗaukar kaya, numfashi da narkar da abinci da warkewa daga ciwo, ji da gani, sana'ar hannu, magana da mutane, wanka da cin abinci da kansa.

Abin da dole kowa a tawagar ya riƙe shi ne cewa FAS ba ya auna yawan abin da jiki ke iya yi. Mai tafiya a keken guragu na iya samun maki 5, ɗan wasan tsere ya samu 2. Idan fassararmu ta sa lafiyayyu da matasa kaɗai ke iya cewa sun yarda, to mun gina wani ma'auni dabam mun liƙa masa sunan FAS.

Za mu bi matakai biyar na Beaton da abokan aikinsa na 2000: fassara biyu masu zaman kansu, haɗa su, mayar da su Ingilishi, zaman kwamiti, sai gwaji a kan mutane 30 zuwa 40. A ɓangaren lissafi za mu bi shawarwarin da Swami da Barron suka buga a 2019 musamman domin ma'aunan da suka shafi yadda mutum ke kallon jikinsa. Ba a taɓa kalma ɗaya sai izinin masu ma'aunin a rubuce ya shiga fayil.

3 ga Fabrairu

Fassarori biyun sun iso. Masu fassarar duka Jamusanci ne harshensu na haihuwa. Ta farko masaniyar halayyar ɗan Adam ce, an yi mata bayanin abin da ake son aunawa. Na biyu mai fassara ne na sana'a, ba a gaya masa komai ba, domin a ga yadda jimlolin ke sauka a kunnen wanda bai san fagen ba. Ba su ga aikin juna ba.

Sun yi daidai a Körper a matsayin kalmar jiki, babu wanda ya kawo takwararta Leib, kalmar da yau ta fi zama ta coci da littattafan falsafa. Inda suka rabu wuri uku ne.

Babba cikinsu na jimla ta 1 da ta 6. Ta 1 tana cewa ina ganin darajar jikina saboda abin da yake iya yi, ta 6 kuma jikina yana yi mini abubuwa da yawa. Mai fassara na biyu ya yi amfani da leisten, wato cim ma aiki, a duka biyun, kuma Jamusanci ne mai daɗin ji, haka Bajamushe zai faɗa da bakinsa. Sai dai leisten na tafe da Leistung, kalmar da ake auna ƙwazon ma'aikaci da ita, da sakamakon ɗalibi, da ƙarfin injin mota. Wanda ya yi ritaya ko yake fama da ciwon baya zai iya jin ana tambayarsa ko har yanzu yana da amfani. A haɗaɗɗiyar fassarar mun sa wozu er fähig ist, wato abin da yake iya yi, a jimla ta 1, da für mich tut, wato yana yi mini, a ta 6, muka ajiye leisten a gefe don a gwada su duka a kan mutane. Hasashenmu ba hujja ba ce tukuna.

Na biyu, asalin ya bambanta ganin daraja da godiya da girmamawa. Fassara ɗaya ta mayar da ganin daraja da godiya duk dankbar, wato mai godiya. Idan aka bar shi haka, jimloli da dama za su koma kusan abu guda, alfa, lambar da ke nuna yadda jimloli ke tafiya tare, zai hau sama ya yi kyau a takarda, alhali maimaici ne kawai ya ɗaga shi. Mun raba su: wertschätzen, dankbar sein, respektieren. Mun fifita wertschätzen a kan schätzen saboda ich schätze shi kaɗai yana kuma nufin ina ƙiyasi.

Na uku ƙarami ne. A jimla ta 3, mai magana a kan sadarwa da mu'amala da mutane, kommunizieren und interagieren yaren jami'a ne. An maye gurbinsa da sich verständigen und austauschen.

Jimlolin duk da ich suke, wato ni, saboda haka batun du, kai na sabo, da Sie, ku na girmamawa, ya tsaya a umarnin cikewa. Manya muke tambaya, Sie ne.

24 ga Fabrairu

Mutum biyu da Ingilishi ne harshensu na haihuwa, waɗanda ba su taɓa ganin asalin ba, sun mayar da haɗaɗɗiyar fassarar zuwa Ingilishi. Ta dawo kusa da asali ƙwarai. Da gangan muka ba ɗaya daga cikinsu sigar leisten a ɓoye cikin wasu jimloli, ita ma ta dawo lafiya lau, ba abin da za a nuna da yatsa.

Wannan shi ne iyakar hanyar da Brislin ya yaɗa a 1970. Tana kama kuskuren fili, kamar kalmar da ta faɗi ko ma'anar da ta juye. Ba ta kama nauyin da kalma ke ɗauke da shi a cikin harshenta, domin ƙwararren mai fassara yakan gyara abin da ya karkace ba tare da ya lura ba. Shi ya sa binciken European Social Survey ya dogara da tsarin TRAPD na Janet Harkness, inda ake zama a tattauna, a yanke hukunci, a gwada, a rubuta dalili. Ba za mu rubuta a rahoto cewa dawowar fassara daidai ta tabbatar da komai ba.

17 ga Maris

Kwamiti ya zauna: masu fassara huɗun, masanin ƙididdiga, likitar ƙwaƙwalwa mai kula da masu matsalar cin abinci, da mai gashin ƙashi da ke aiki da tsofaffi. Kowace jimla an duba ta ta fuska huɗu: ma'ana, salon magana, dacewa da rayuwar yau da kullum a Jamus, da kuma ko ra'ayin da ke ƙarƙashinta ɗaya ne da na asali.

Mafi tsawon muhawara ba a kan jimlolin aka yi ta ba, a kan zaɓin tsakiya ne, lamba 3. Jamusawa sun saba da teils/teils a takardun tambayoyi, amma ma'anarta na yarda da wani ɓangare, na ƙi wani ɓangare. Asalin kuwa yana nufin ban karkata ko'ina ba, wato weder noch. Mutumin da yake godiya ga idanunsa amma yake jin haushin gwiwarsa zai ruga wa teils/teils, alhali a sigar Ingilishi da wataƙila ya zaɓi 4 ko 2. Tun 1978 Rohrmann ya nuna cewa kalmomin da ake sa wa matakan amsa a Jamusanci ba su da tazara iri ɗaya a kunnen mutane, don haka ba abin wasa ba ne. An tsaya a kan: stimme überhaupt nicht zu, stimme nicht zu, weder noch, stimme zu, stimme voll und ganz zu, wato daga ban yarda ba ko kaɗan zuwa na yarda ƙwarai. Ba a sa eher, wato na ɗan fi karkata, a mataki na 2 da na 4 ba, domin tana sassauta su, ta sa amincewa ta yi araha.

Jimla ta 4 tana tambayar abu biyu a lokaci guda: lura da ganin daraja, sannan jin daɗi ko kuma sakewar jiki. Lahani ne da ya zo daga asali. Da mun raba ta biyu, ma'aunin ya koma jimloli 8, ba za a iya kwatanta shi da na sauran harsuna ba. An bar ta, an yi mata alama don a sa mata ido a lissafi.

14 ga Afrilu

An kammala zagayen farko na gwajin fahimta, irin wanda GESIS, cibiyar binciken zamantakewa da ke Mannheim, ta daɗe tana yi. Mutum 30: goma 'yan shekara 18 zuwa 34, goma 35 zuwa 64, goma daga 65 zuwa sama, maza da mata kusan daidai. An tabbatar akwai waɗanda ba su yi jami'a ba, da masu ciwo mai daɗewa, da waɗanda Jamusanci harshensu na biyu ne. Kowace hira ta ɗauki kimanin minti 40. Mai amsawa yana karanta jimla da ƙarfi, ya faɗi abin da ke zuwa masa a rai, ya zaɓi lamba, sannan a tambaye shi: faɗi wannan da kalmominka, me ka tuna lokacin da kake amsawa, me ya sa 4 ba 5 ba? Rabi sun ga sigar leisten, rabi sun ga ɗayar.

Waɗanda suka ga leisten, misalansu kusan duk na motsa jiki ne da aiki: gudu, hawan keke, ɗaukar kwalayen ruwa zuwa bene na uku, jure doguwar ranar aiki. Tsofaffin cikinsu sukan fara amsa da cewa da can dai. Waɗanda suka ga für mich tut sun fi kawo barci, warkewar rauni, haihuwa, rungumar jika. Wannan ne faɗin da ma'aunin ke nema. An cire leisten.

Matsalar da ba mu hango ba ta fito a jimla ta 7, ina girmama jikina saboda ayyukan da yake yi. Kalmar Funktionen ta kai wasu ga sakamakon gwajin asibiti, ƙoda da hanta da hawan jini. Wasu kuma, musamman mata masu aiki da reno a lokaci guda, ta tuna musu da maganar nan ta ich muss funktionieren, wato dole in ci gaba da aiki ko na gaji. Ga su, jimlar ba girmamawa take nufi ba, matsi take tunatarwa. Aufgaben, wato ayyukan da aka ɗora wa abu, ita ce madadin da za a gwada.

Jimla ta 2, ina godiya da lafiyar jikina ko da ba kullum yake da lafiyar da nake so ba, ta yi tsawo a Jamusanci saboda aikatau na tafiya ƙarshen zance. Wasu tsofaffi sun karanta ta sau biyu. Amma masu ciwo mai daɗewa su suka fi fahimtarta, kuma sun ce rabin na biyu ne ya ba su damar amsawa da gaskiya. Ba za a taɓa ma'anarta ba, za a rage kalmomi kawai.

12 ga Mayu

Zagaye na biyu, mutum 10 sababbi. Aufgaben ba ta kawo hoton asibiti ba, kuma babu wanda ya ambaci matsi. An karɓe ta, an rubuta a takardar hukunci cewa ta ɗan yi nesa da lafazin asali da saninmu. An rufe rubutun. Daga yau ko waƙafi ba a canzawa.

10 ga Yuni

Kwamitin ɗa'a ya amince bayan gyara biyu. Tsawo, nauyi da tambayoyin cin abinci bayanan lafiya ne, suna ƙarƙashin sashe na 9 na dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, DSGVO a bakin Jamusawa, wadda ta fara aiki 25 ga Mayu, 2018. Saboda haka sai an nemi amincewa ta musamman a fili, ba a cusa ta cikin amincewar gaba ɗaya ba. Adireshin imel na waɗanda za su sake amsawa kuma dole a ajiye shi a rumbu dabam da amsoshin. Gyara na biyu shi ne shafin ƙarshe ya nuna inda mai damuwa zai samu taimako, har da layin Telefonseelsorge na ba da shawara ta waya.

Tambayar jinsi tana da männlich, weiblich, divers, wato namiji, mace, wani jinsi dabam, da zaɓin ƙin amsawa, tunda dokar Jamus ta amince da divers a rajistar haihuwa tun Disamba 2018. Idan rukunin ya yi ƙanƙanta ba zai shiga kwatancen rukunoni ba, amma yana cikin babban lissafi.

21 ga Yuli

An yi rajistar tsarin lissafi a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu a fili, kafin amsa ko ɗaya ta shigo. Dalilin a fili yake: wanda ya ga bayanai kafin ya sa ƙa'ida, ƙa'idar za ta bi son ransa.

Ana neman mutum 800 bayan tacewa. Za a raba su biyu da ƙuri'ar kwamfuta. A rabin farko za a bar bayanan su nuna ginshiƙai nawa ke ƙarƙashin jimlolin, wato abu nawa suke aunawa, ta hanyar kwatancen da Horn ya kawo a 1965, ba ta tsohuwar ƙa'idar ɗaukar duk abin da ya haura 1 ba, wadda takan ƙirƙiro ginshiƙan da babu su. A rabi na biyu za a gwada tsarin ginshiƙi ɗaya, kamar na asali, da manhajar lavaan a cikin R. Tunda amsoshin matakai biyar ne kuma ana sa ran za su taru a 4 da 5, za a ɗauke su a matsayin jerin matakai a yi amfani da WLSMV, hanyar lissafi da ta dace da irin waɗannan amsoshi.

Iyakokin lambobin da ke nuna dacewar tsarin da bayanai na Hu da Bentler ne na 1999: CFI daga 0.95 zuwa sama, SRMR 0.08 ko ƙasa, RMSEA 0.06 ko ƙasa. Amma a lura. Jimloli 7 a ginshiƙi ɗaya suna ba da matakan 'yanci 14 kawai, kuma Kenny da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa RMSEA kan kumbura idan matakan sun yi kaɗan. Ba za mu yar da tsari saboda RMSEA kaɗai ba. Haka kuma ba za mu riƙa haɗa kurakuran jimloli barkatai don lamba ta yi kyau ba. Idan za a haɗa, sai da dalili daga lafazi, kuma a bayyana shi.

Daidaiton ciki da omega na McDonald za a auna, a sa alfa a gefe don masu kwatance. Sai gwajin ko ma'aunin yana aiki iri ɗaya tsakanin maza da mata, da tsakanin rukunonin shekaru uku: tsari, sannan nauyin jimloli, sannan matakan amsa. Idan CFI ya faɗi fiye da 0.01 daga mataki zuwa mataki, daidaito ya karye, bisa Cheung da Rensvold na 2002 da Chen na 2007. Idan ya karye tsakanin matasa da tsofaffi, ba mu da ikon cewa wani rukuni ya fi wani godiya ga jikinsa. A ganinmu wannan gwajin ya fi duk sauran muhimmanci, domin shi zai nuna ko gyaran watan Afrilu ya yi aiki.

An rubuta hasashe tun yanzu. FAS zai tafi tare da BAS-2, ma'aunin ganin darajar jiki na Tylka da Wood-Barcalow, mai jimloli 10, a sigar Jamusanci da Behrend da Warschburger na Potsdam suka tantance a 2022, amma ba har su zama abu ɗaya ba. Zai tafi tare da ma'aunin ganin ƙimar kai na Rosenberg a gyaran von Collani da Herzberg na 2003. Zai saɓa da ɓangaren ƙin jiki na FKB-20 da kuma EDE-Q8, ma'aunin matsalar cin abinci. Alaƙarsa da BMI, ma'aunin nauyi bisa tsawo, ya kamata ta kasance mai rauni.

8 ga Satumba

Gwajin na'ura a SoSci Survey, shafin da aka ɗora tambayoyin, da mutum 20 ya fito da abu uku. Gurbin tsawo ya karɓi 175 da 1,75 da 1.75, tunda Jamusawa waƙafi suke sawa a lambar ɓangare, wasu kuma da mita suke lissafi. An mayar da shi santimita zalla, lambobi uku, daga 120 zuwa 230. A waya, teburin amsa ya yanke rubutun mataki na 5, mutum sai ya ja allo gefe kafin ya gan shi. An mayar da kowace jimla da zaɓinta a jere daga sama zuwa ƙasa. Sannan tambayar nauyi tana gaba da FAS, kuma wanda aka fara tambayarsa kilo nawa yake, da wannan tunanin zai shiga sauran. An kai tsawo da nauyi ƙarshe, sauran ma'aunai kuma na'ura ke cakuɗa jerinsu.

20 ga Oktoba

Ana tattara amsoshi. Kamar yadda aka saba a irin wannan bincike, mata matasa masu karatun jami'a sun cika gurbinsu da wuri, an rufe shi. Maza masu matsakaicin shekaru da duk wanda ya haura 65 suna tafiyar hawainiya. An buga sigar takarda da manyan haruffa, lamba 14, tare da ambulan mai kan sarki, ana rabawa a azuzuwan Volkshochschule, makarantun ilimin manya, da wuraren haɗuwar tsofaffi. Wannan ya kawo sabon nauyi: yanzu shekaru da hanyar amsawa sun cakuɗe, don haka an ƙara gurbi a bayanan da ke nuna takarda ko intanet, kuma za a gwada daidaito a kansa. An rubuta wannan a OSF a matsayin ƙari mai kwanan wata.

Tacewa na bin abin da aka yi rajista. Ana cire wanda ya faɗi tambayoyin gwajin hankali biyun, da wanda saurinsa ya haura 2.0 a ma'aunin saurin da Leiner ya ba da shawara a 2019. Ba a cire mutum don ya ba da 5 a jimlolin FAS duka bakwai. A wannan ma'auni amsa ce mai yiwuwa, sai idan ya yi haka har a ma'aunan da ke da jimlolin da ake juyawa, kamar na Rosenberg.

17 ga Nuwamba

An fara sake aunawa bayan mako 3, ana neman aƙalla mutum 100. Matsalar lambar sirri ce, wadda kowa ke haɗa wa kansa daga harafin farko na sunan mahaifiya, ranar haihuwarta, da harafin farko na garin haihuwa. Mai garin da ya fara da Ü yakan rubuta Ü yau, U bayan mako uku. Wasu sun sa 07, wasu 7. An sa ƙa'ida kafin a kalli makin: za a daidaita haruffa masu ɗigo biyu da sifirin gaba, abin da bai haɗu ba bayan haka a bar shi. Ba a haɗa lambobi da ido.

Za a rufe tattarawa kafin tsakiyar Disamba. EDE-Q8 na tambayar kwana 28 da suka wuce, kuma cin abincin Kirsimeti da tallan rage ƙiba na Janairu za su shiga amsoshin. Idan gurbin tsofaffi bai cika ba, ba za a buɗe a tsakiyar Fabrairu 2026 ba, domin lokacin ne azumin Ramadan da azumin Kiristoci na kafin Ista za su fara kusan tare. Sai dai a jira bayan Ista. Har yanzu ba wanda ya buɗe makin FAS. An rubuta umarnin lissafin an gwada shi a kan bayanan bogi, kuma takardun da suka dawo ta gidan waya mutum biyu ke shigar da su kowa daban, a kwatanta, a koma takarda duk inda suka saɓa.